Littafin Aiki: Gwajin Izinin Shiga a Manhajar Wata Ƙungiyar Manoma a Gombe

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau aka danƙa mini gwaje-gwajen manhajar ƙungiyar. Ƙungiya ce ta manoma mai ba mambobinta bashin taki da iri da maganin feshi kafin damina, su biya bayan kaka. Babban ofishinta na cikin garin Gombe, tana da rassa a Kumo da Bajoga da Dukku. Masu shiga manhajar kashi huɗu ne. Akwai mamba, wanda bashinsa kaɗai ya kamata ya gani. Akwai jami'in reshe mai shigar da buƙatun mutanen reshensa, sai ma'aji mai amincewa a saki kaya, sannan manaja da ke ganin komai. Abin da ake so daga gare ni shi ne in tabbatar kowa na tsayawa inda aka ajiye shi, kafin a buɗe rajistar bashin bana a watan Mayu.

Da Playwright aka rubuta gwaje-gwajen, wato kayan aikin da Microsoft ta fitar a 2020, mai buɗe burauza da kansa, ya cika fom, ya danna maɓalli kamar yadda mutum zai yi. Na kunna su da safe, duka suka fito kore, wato sun ci (wanda ya faɗi ja yake fitowa). Sai na zauna karanta su layi-layi, kuma a nan hankalina ya tashi.

Babban gwajin shafin bashi ga yadda yake tafiya: ya shiga da duk asusun da ya samu a fayil ɗin saiti, ya buɗe shafin, idan ya ga maɓallin “Amince” ya danna ya duba ko bashin ya koma wanda aka amince da shi, idan bai gan shi ba ya wuce abinsa. Ke nan ko wace hanya ya bi, kore zai fito. In ma'aji ya rasa maɓallinsa saboda wani gyara ya lalata shi, gwajin zai ce lafiya lau. In kuma mamba ya wayi gari yana ganin maɓallin, gwajin zai danna masa, ya amince da bashin, ya sake cewa lafiya lau. Tamkar maigadin da aka ce ya zagaya ya duba kwaɗuna ne, wanda ya tarar a kulle ya ce madalla, wanda ya tarar a buɗe ya shiga ya leƙa ya fito, shi ma ya ce madalla.

Ban ga laifin wanda ya rubuta su ba. Asusu ɗaya aka ba shi na gwaji, ana sauya masa matsayi lokaci-lokaci, shi kuma ya nemi hanyar da gwajin ba zai riƙa faɗuwa ba duk sanda aka sauya. Amma gwajin da ba ya iya faɗuwa ba ya tsare kowa, kuma abin da ke cikin wannan manhaja basussukan mutane ne da lambobin wayarsu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Akwai ɗaliba mai koyon aiki da aka haɗa ni da ita. Da na yi mata bayanin matsalar, sai ta yi tambaya mai kyau. Ta ce, “Malam, to in muka cika hanya ta biyun fa? Idan maɓallin bai fito ba, sai gwajin ya tabbatar mai shigar ba ma'aji ba ne. Ai an rufe ƙofar ke nan.”

Na ce mu gwada. Muka rubuta hakan, muka shiga a matsayin ma'aji, muka kunna, ya ci. Daga nan na sa Playwright ya riƙe amsar saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar tana amsa wa burauza, na ɗan lokaci kafin ta iso burauza, irin yadda sabis ke yi da rana tsaka in mutum na kan datar waya. Nan take gwajin ya bi hanyar “babu maɓalli”, alhali ma'aji ne, kuma maɓallin ya fito bayan ƙiftawar ido. Muka ga hakan ƙarara a hoton matakan da Playwright ke ajiyewa: a matakin da aka yi tambayar ko maɓallin na nan, shafin na nuna da'irar nan mai juyawa, a mataki na gaba ga maɓallin nan shuɗi a kusurwar dama.

Dalili shi ne umarnin isVisible, wanda gwajin ke tambaya da shi ko ana ganin maɓallin, ba ya jira. Yana duba shafin a daidai wannan lokacin ya ba da amsa, e ko a'a. Saɓanin toBeVisible, wanda ke sake dubawa har tsawon daƙiƙa 5 kafin ya haƙura. Manhajarmu kuwa ta fara zana gangar jikin shafi ne, sannan ta tambayi saba wane ne wannan da abin da aka ba shi dama, sai maɓallan su biyo baya. Duk sharaɗin “idan kaza, yi kaza” da aka ɗora a kan abin da ido ke gani a wannan tsakani, sa'a ce ke yanke shi. Masu Cypress, wani kayan gwaji irin Playwright, su ma sun ware shafi guda a bayanan kayan aikinsu kan wannan, suna gargaɗin kada a gina sharaɗi a kan shafin da bai gama zama ba.

Ɗalibar ta ce to a sa jira na daƙiƙa uku kafin tambayar. Na ce ranar da amsar ta ɗauki huɗu fa? Kuma ko jiran ya wadatar, har yanzu shafin ne ke gaya wa gwajin abin da zai duba, alhali shafin ne ake tuhuma. Matsayar da na ɗauka daga yau: gwaji zai san wanda ya shiga da abin da ya kamata ya gani tun kafin ya buɗe burauza.

Talata, 15 ga Afrilu

Don gwaji ya san abin da ya kamata, dole wani ya faɗa. Na nemi takardar da ta fayyace ikon kowane matsayi, aka ce babu, a ka ake riƙe da shi. Don haka yau ban taɓa kwamfuta ba sai bayan la'asar.

Na sami manaja da Hajiya ma'aji a ofis, an ɗauke wuta, fanka a tsaye, zafin Afrilu ya cika ɗakin. Na ɗauko farar takarda da rula na ja layuka: matsayi huɗu a sama, ayyuka a gefe. Duba bashi, shigar da buƙata, gyara buƙata, amincewa, soke bashi, sauke rahoto, ƙirƙirar sabon asusu, dakatar da asusu. Kowane gida za a sa masa e ko a'a. Na ce ba na son “ya danganta”, in kuwa ya danganta ɗin ne, a faɗa mini da me, in ƙara layi.

Rabin gidajen sun cika ba gardama. Da muka iso kan jami'in reshe da duba bashin mamban wani reshe, manaja ya ce a'a kai tsaye. Hajiya ta ajiye bironta ta ce, “Ranka ya daɗe, matar da ta karɓi taki a Dukku bara, aure ya mayar da ita Kumo fa? Jami'in Kumo zai ba ta sabon bashi bai san ana bin ta na baya ba?” Aka ɗan yi shiru. Daga ƙarshe suka tsaya kan cewa reshen da mamba ke ciki a yanzu shi ke ganin duk tarihinsa, tsohon reshen kuma ya daina gani daga ranar da aka mayar da shi. Wannan layi ne sabo a takardata, kuma babu gwaji ko ɗaya a cikin tsofaffin da ya taɓa shi.

Gida na biyu mai wuya shi ne ko manaja zai iya amincewa da buƙatar da shi da kansa ya shigar. Hajiya ta ce a'a, hannu biyu ake so a kan kowane buhu, wanda ya rubuta daban, wanda ya saki daban. Manaja ya ce a lokacin rububin taki, in Hajiya ta yi tafiya, aiki zai tsaya. Dukansu suna da hujja, kuma ba ni ne mai raba wannan ba. Sun ce za su kai wa kwamitin ƙungiya. Na bar gidan babu komai, na zagaye shi da jan biro.

Abin da na lura da shi yau ya fi ƙarfin rubutun gwaji. Sharuɗɗa da yawa da na tarar a tsofaffin gwaje-gwajen suna zaune ne daidai kan gidajen da ba a taɓa yanke hukunci a kansu ba. Mai rubutu bai san amsar ba, sai ya rubuta abin da zai karɓi kowace amsa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na mayar da takardar jadawali a cikin kod. Kowane layi na ɗauke da matsayi, aiki, da sakamakon da ake tsammani. Madauki ɗaya, wato kod mai maimaita aiki layi bayan layi, ke bin jadawalin yana haifar da gwaji daban ga kowane layi, mai sunansa, misali “mamba ba ya amincewa da bashi”. Zaɓin yana faruwa ne lokacin haɗa gwaje-gwajen, kafin a kunna su, don haka a cikin kowanne hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya.

Abokin aikina mai kula da ɓangaren saba ya rubuta mana abin da ke share rumbun bayanan gwaji ya zuba sabbi: asusu ga kowane matsayi, jami'i ɗaya a Kumo ɗaya a Bajoga ɗaya a Dukku, mambobi na ƙirƙira, da wata mamba da aka mayar daga Dukku zuwa Kumo. Babu sunan mutum na gaske a ciki. Kowane matsayi na shiga sau ɗaya a farko, a ajiye kukis ɗinsa, wato 'yan bayanan da burauza ke riƙewa don saba ta gane wanda ya shiga, a fayil ta hanyar storageState na Playwright, sauran gwaje-gwaje su ɗauka daga nan. Gobe da Litinin hutun Ista ne.

Talata, 22 ga Afrilu

Gwajin “a'a” ya fi na “e” wuyar rubutawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wannan aiki.

Ɗalibar ta rubuta na mamba: ya buɗe shafin bashi, a tabbatar maɓallin “Amince” a ɓoye yake. Ya ci. Na ce ta sauya asusun zuwa na ma'aji ta bar sauran yadda yake, tare da jinkirin nan na saba. Ya kamata ya faɗi, tunda ma'aji na da maɓallin. Sai ya sake ci. Umarnin toBeHidden yana gamsuwa da zarar ya ga abin babu, kuma a farkon buɗe shafi ai babu komai. Shafin da bai gama lodi ba, ko wanda ya faɗi gaba ɗaya ya bar fari fat, duk za su gamsar da shi.

Maganin da muka bi: kafin a ce wani abu babu, sai an ga wani abu da ke tabbatar da cewa izini ya riga ya iso. A manhajarmu sunan mai shiga da matsayinsa na fitowa a saman shafi daga amsa ɗaya da ke kawo maɓallan. Don haka gwajin zai jira ya ga “Mamba” a sama, ya ga layin bashin da ake magana a kai, sannan ya ƙirga maɓallan “Amince” ya tabbatar sifili ne. Da muka sake sa asusun ma'aji, ya faɗi ja kamar yadda ake so.

Na roƙi abokin aikina kada ya raba waɗannan biyun zuwa amsoshi daban ba tare da ya gaya mini ba, don in ya raba, wannan tabbacin ya rushe. Ya rubuta hakan a saman fayil ɗin.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ɓoye maɓalli ba hana shiga ba ne. Duk gwaje-gwajen da muka yi zuwa jiya abin da ido ke gani suke dubawa, alhali mai son ɓarna ba ya buƙatar maɓalli. Adireshin shafi ya ishe shi, ko ya aika buƙata kai tsaye zuwa saba. Saboda haka kowane layi na jadawalin yanzu yana haifar da gwaji biyu: ɗaya ta burauza, ɗaya ta aika buƙatar kai tsaye da kukis ɗin wannan matsayin, a duba lambar da saba ta mayar.

Gwajin amincewa da bashi ya tsaya daram. Mamba ya aika, saba ta ce 403, wato na san ka amma ba ka da izini. Wanda bai shiga ba sam ya samu 401. Alhamdu lillahi.

Gwajin duba bashi ne ya fito ja. Adireshin kowane bashi na ƙarewa da lamba, lambobin kuma a jere suke. Jami'in Kumo ya nemi lambar bashin wani mamba na Bajoga, saba ta ce 200, wato an yarda, ta miƙo komai: suna, lambar waya, unguwa, buhu nawa ya karɓa, nawa ya rage a kansa. A jerin da ke fitowa a allo an tace da reshe, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Amma a ƙofar bashi ɗaya-ɗaya, abin da saba ke tambaya kawai shi ne ko mai neman jami'i ne. Ba ta tambayar na wane reshe. Na buɗe burauza na gwada da hannuna, na goge lambar ƙarshe na sa ta gaba da ita, sai ga bayanan mutumin Bajoga na ƙirƙira a gabana.

Wannan ba baƙon ciwo ba ne. A jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet da OWASP, wata ƙungiyar tsaron manhajoji, ta fitar a 2021, lalacewar tsarin izini ce ta ɗaya, kuma sauya lamba a adireshi don ganin bayanan wani na cikin misalan da aka fi sani. A nan gida kuma akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ni dai ko ba doka abin ya dame ni. Bashi sirri ne. A garin da kowa ya san kowa, a ji cewa wane bai biya kuɗin takin bara ba abu ne da ke iya taɓa mutuncinsa har a maganar aure.

Na kira abokin aikina na nuna masa. Bai yi musu ba, ya ce, “Ba ni zuwa gobe.” Muka ɗan tattauna lambar da ta dace a mayar. In aka ce 403, an gaya wa mai nema cewa bashin yana nan, hana shi kawai aka yi, kuma da haka zai iya bin lambobi ya san yawan basussukan da ke akwai. In aka ce 404, wato ba a samu abin ba, ba zai bambance wanda babu da wanda aka ɓoye masa ba. GitHub, shafin da ake ajiye kod, haka yake yi da ma'ajiyar kod ta sirri, kuma ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, ta yarda da hakan. Muka tsaya kan 404 ga bayanan wani reshe, 403 ga aikin da matsayin mutum bai kai ba. Na sa lamba ɗaya tak a kowane layin jadawali. Ɗalibar ta ce me zai hana a karɓi ko wacce daga cikin biyun, na ce wannan ma sharaɗi ne ya sake shigowa ta taga.

Juma'a, 25 ga Afrilu

An gyara kafin masallaci. Gwajin Kumo da Bajoga ya koma kore, na matar da aka mayar daga Dukku ma haka: jami'in Kumo na ganin tarihinta duka, na Dukku na samun 404. Manaja ya sa a binciki tarihin buƙatun da suka iso sabar manhajar da ake amfani da ita, a ga ko wani ya taɓa bin wannan hanya.

Talata, 29 ga Afrilu

Ba kowane sharaɗi ne ke koruwa ba, kuma ba na son in mayar da abin aƙida. Yau na bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kowanne: ana iya sanin amsarka kafin gwaji ya fara?

Sharaɗin sauya kalmar sirri a shigar farko, ana iya sanin amsarsa. Tsohon gwajin yana cewa idan shafin sauya kalmar sirri ya fito, a cika shi. Yanzu asusun yau da kullum duk an zuba su a matsayin waɗanda suka riga suka sauya, sai asusu ɗaya sabo fil da ke da gwajinsa na kansa. Shi wannan yana tabbatar da cewa an tilasta masa sauyawa, kuma ko ya rubuta adireshin shafin bashi da hannu za a dawo da shi.

Na waya da kwamfuta ma ana iya sani. A ƙaramin allo jerin zaɓuɓɓuka na naɗewa cikin alamar layi uku, sai an taɓa ta. Yawancin jami'an rassa da waya suke aiki, don haka dole a gwada. Amma girman allon mu muka zaɓa a saiti, ba shafin ne ya zaɓa ba. Na bar sharaɗin a cikin ƙaramin aiki guda mai buɗe jerin, yana duba saitin, ba ya duba allo, kuma ba ya yanke hukuncin ci ko faɗuwa.

Na akwatin sanarwa ne ya ɗan ja mu. Manaja na iya sa sanarwa, ta taro ko ta ranar rabon taki, ta fito ta rufe shafi har sai an danna “Na gani”. Playwright na da addLocatorHandler, wanda aka ƙara a 2024, mai zama a gefe yana kawar da irin wannan akwati duk sanda ya tare hanya. Yana aiki, na gwada. Sai dai a rumbun gwaji mu ke da iko da sanarwar, don haka na zaɓi a zuba bayanai babu sanarwa, a ware mata gwaji guda. Dalilina shi ne in wata rana akwatin ya fara fitowa inda bai kamata ba, ina son in ji labari, ba a rufe mini shi a ɓoye ba.

Sai gwajin saƙon lambar sirri ta waya, wanda ba ya yiwuwa a kwamfutata don babu mai aika saƙon a nan. Da can sharaɗi ne ke tsallake shi shiru, ya fito kore. Yanzu test.skip ke tsallake shi, da dalili a rubuce, rahoto kuma na nuna shi a matsayin wanda ba a yi ba. Wanda ya duba rahoton ya san akwai abin da ba a taɓa ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Akwai izinin da ke bin agogo. Jami'in reshe na iya shigar da buƙata ne kawai tsakanin ranar buɗe rajista da ranar rufewa. Tsohon gwajin yana duba kwanan watan yau ya zaɓi hanyar da zai bi, wato rabin shekara yana gwada abu ɗaya, rabi wani.

Playwright na iya tsayar da agogon burauza a duk lokacin da aka so, amma wannan burauza kaɗai ya shafa. Saba na da nata agogon, kuma ita ke yanke hukunci. Don haka maimakon mu taɓa agogo, sai muka riƙa matsar da ranakun rajistar a rumbun gwaji: zango ɗaya a buɗe, ɗaya ya rufe jiya, ɗaya zai buɗe gobe. Kowanne da gwajinsa.

A nan wata tambaya ta taso. Sabarmu na tafiya ne a kan agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Najeriya kuma na gaba da shi da awa ɗaya. In an ce rajista na rufewa ƙarfe 12 na dare, na wa? Abokin aikina ya duba, ashe na saba ne, wato jami'i na da dama har ƙarfe 1 na dare agogonmu. Hajiya ta ce awa ɗaya a daren rufewa ba ƙaramin abu ba ne, don a daren ne ake cusa sunaye. An mayar da lissafin kan agogon Najeriya. Gwajin wannan iyaka ya fi dacewa a ɓangaren saba, inda ake iya ba aikin lokacin da aka ga dama, don haka can muka kai shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kunna dokar no-conditional-in-test ta ESLint, kayan aikin da ke duba kod yana kama saɓa ƙa'ida, a kan jakar gwaje-gwajen. Duk wanda ya sa sharaɗi a cikin jikin gwaji, za ta tsayar da shi kafin kod ɗin ya shiga. Wanda ke da hujja zai iya ɗage ta a wannan layin, amma sai ya rubuta hujjar a gefe.

Mun yi saɓani da abokin aikina kan maimaitawa. Yana son a saita gwajin da ya faɗi ya sake gwadawa sau biyu, don kada tangarɗar sabis ta riƙa tsayar masa da aiki, kuma na fahimce shi, ranar buɗe rajista ta matso. Playwright na yi wa irin wannan gwaji alama a rahoto cewa ya faɗi kafin ya ci, amma aikin gaba ɗaya na wucewa, kuma ba kowa ke buɗe rahoton da ya wuce ba. Na ce na yarda a sauran gwaje-gwaje, ban da na izini. In gwajin “mamba ba ya ganin bashin wani” ya faɗi sau ɗaya ya ci a na biyu, abin da na ji shi ne akwai lokacin da mamba ya gani. Yana iya zama tangarɗar sabis, yana kuma iya zama saba ce ta ba wani amsar da ta ajiye wa wani. Ba zan bar maimaitawa ta zaɓa mini ba. Ya ce, “To shi ke nan, Malam, amma in ya tsayar da ni da dare kai zan kira.” Na ce ya kira.

Talata, 13 ga Mayu

Yau muka gwada gwaje-gwajen su kansu. A wani reshen kod na daban, wato kwafin kod na gefe, abokin aikina ya riƙa cire shingen izini ɗaya-ɗaya da gangan ba tare da ya faɗa mana wanne ba, ni da ɗalibar muna kunnawa muna faɗa masa abin da ya cire daga sunan gwajin da ya yi ja. Shingen amincewa, na reshe, na sauke rahoto, na ƙirƙirar asusu, duk an kama su.

Guda ɗaya ya wuce ba a kama ba: dakatar da asusu. Gwajinmu na tabbatar da cewa wanda aka dakatar ba zai iya shiga ba. Bai duba wanda yake ciki aka dakatar da shi ba. Wannan kuwa shi ne abin da zai faru a zahiri, a sallami jami'i da safe alhali manhajar na buɗe a wayarsa tun jiya. Ɗalibar ce ta rubuta sabon gwajin, da burauza biyu a lokaci guda: jami'i ya shiga a ɗaya, manaja ya dakatar da shi a ɗayar, jami'in ya sake neman shafin bashi, a tabbatar an mayar da shi shafin shiga kuma buƙatarsa ta kai tsaye ta samu 401. Wannan gwajin na ƙirƙirar jami'insa na kansa, don kada ya dakatar da asusun da sauran ke amfani da shi. A ainihin kod ɗin ya ci, a reshen da aka cire shingen ya faɗi.

Kwamitin ƙungiya zai zauna ranar Asabar kan batun manaja da amincewa da buƙatar da ya shigar da kansa. Na rubuta gwajin a kan ra'ayin Hajiya, na sa masa test.fixme don ya riƙa fitowa a rahoto a matsayin wanda ke jiran hukunci. In kwamiti ya bi ra'ayin manaja, layi ɗaya zan sauya a jadawali, amma zan nemi a ƙara sharaɗin cewa irin wannan amincewa ta shiga rahoton da ma'aji ke gani, shi ma da gwajinsa. Gobe za mu fara kan fayilolin rahoton da ake saukewa, don har yanzu ba mu duba ko adireshin fayil ɗin na aiki ga wanda aka tura wa shi ta WhatsApp ba tare da ya shiga ba.